Wai Kano ta fi Legas mutane, to don me Legas ce ke da jirgin cikin gari?

Tunda bidiyon jirgin ƙasan cikin garin Legas ya fara yawo a Facebook da TikTok musun nan ya ƙi mutuwa a majalisarmu ta wajen Tashar Dukku, kusan kullum bayan la'asar sai wani ya tono shi. Wasu na cewa ai ƙidaya ta nuna Kano ta fi Legas yawan jama'a, don haka jirgin nan son kai ne gwamnatin tarayya ta yi wa 'yan kudu. Wasu kuma, yawanci waɗanda suka taɓa cin rani a can ko direbobin manyan motoci, sai su ce Malam kai dai je ka Oshodi da magariba ka tsaya minti goma, in ka dawo sai mu yi magana. Ni abin da na lura kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, matsalar dai ba abu ɗaya suke aunawa ba, wannan yana maganar jiha wancan yana maganar gari. Kuma gaskiya ba don Legas abin ya dame ni ba, don Gomben nan tamu ne da nake gani tana bin sawunta a hankali ba tare da mun lura ba.

Jiha daban, gari daban

Bari mu fara daga gida don a fi ganewa. Mutumin da ke kwana a Tumfure, ya tashi da safe ya sauke yara a makaranta a cikin gari, ya wuce ya buɗe shagonsa a babbar kasuwa, in ka tambaye shi ina kake da zama zai ce maka Gombe, kuma bai yi ƙarya ba. Amma a takarda a ƙaramar hukumar Akko yake, sakatariyarsa tana can Kumo. Filin jirgin saman da muke kira na Gombe ma ai a Lawanti yake, ƙasar Akko. To ka ga Gombe uku ke nan. Akwai ƙaramar hukumar Gombe 'yar mitsitsiya, akwai jihar Gombe mai ƙananan hukumomi 11, sannan akwai Gombe ta zahiri wadda ba ta da ciyaman ba ta da kansila, wato duk inda gini ya haɗe da gini kuma mutane ke shiga su fita kullum wajen neman abinci. Wannan ta ukun ita masu tsara birane ke nufi in sun ce babban birni da kewayensa, kuma ita ce ke buƙatar mota da hanya da ruwa, ba ta takarda ba.

Legas ma haka take, sai dai nata abin ya girmama. Gowon ne ya ƙirƙiri jihar a 1967, ƙananan hukumominta 20, kuma 16 daga ciki duk sun narke sun zama gari ɗaya, ba ka sanin inda Mushin ta ƙare Oshodi ta fara. Ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, murabba'in kilomita 3,500 da 'yan kai, wani kaso mai yawa ma ruwa ne da fadama, jihar Gombe ta ninka ta kusan sau biyar a fili. Da ƙasar ta ƙare sai garin ya tsallaka iyaka ya faɗa jihar Ogun. Sango Ota, Mowe, Ibafo, Akute, Agbado, duk Ogun ne a takarda, amma mutanen da ke kwana a can da yawansu Legas suke wuni. Hatta kasuwar shanu ta Kara da fatakenmu ke cewa sun kai kaya Legas, a ɓangaren Ogun take.

Lissafin 2006 da abin da ake tsallakewa

A ƙidayar 2006 jihar Kano ta tashi da mutum miliyan 9.4, jihar Legas miliyan 9.1. Wannan gaskiya ne, kuma a nan masu cewa Kano ta fi suke ajiye magana. To amma miliyan 9.4 ɗin nan ai har da mutanen Doguwa da Rano da Ɗambatta da Gwarzo, ƙananan hukumomi 44 a shimfiɗe cikin ƙasa mai faɗi, manoma da makiyaya da wasunsu sai su yi wata ba su leƙa birni ba. In ka ware birnin Kano kansa, wato Cikin Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungoggo da Kumbotso, mutum miliyan 2.8 ƙidayar ta ba su. Ƙananan hukumomi 16 na garin Legas kuwa kusan miliyan 8. Ka ga ko da wannan ƙidayar da 'yan Legas ɗin suka ƙi yarda da ita aka yi aiki, garin Legas ya kusa ninka garin Kano sau uku, kuma shi jirgin cikin gari ba yawan mutanen jiha yake dubawa ba, inda mutane suka cushe wuri ɗaya suke bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya yake nema.

Gwamnatin Legas ta wancan lokacin ta yi fatali da sakamakon, ta ce nata lissafin miliyan 17.5 ya ba ta. Tun daga nan ba a sake ƙidaya a ƙasar nan ba, wadda aka shirya a watan Mayun 2023 ma ɗagewa aka yi. Shi ya sa kake jin lamba iri-iri, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya sama da miliyan 15, gwamnatin jiha kuma tana cewa an haura miliyan 20. Wani bambancin daga inda aka ja iyakar gari ne, wani kuma siyasa ce tsagwaronta, don yawan jama'a da yawan ƙananan hukumomi suna cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗin tarayya. A nan 'yan Legas suna da ƙorafin da ya kamata mu saurara ko ba ma so, suna cewa ya za a yi Kano na da 44, Jigawa da aka cire daga jikinta a 1991 na da 27, su kuma suna nan da 20. Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiri ƙarin 37 a 2003, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka je har Kotun Ƙoli, sai zamanin 'Yar'aduwa aka sakar musu. Waɗancan 37 ɗin har yau ba su shiga tsarin mulki ba, jiha ce kawai ta san da su.

Sai maganar wa ya biya kuɗin jirgi. Aikin gwamnatin jihar Legas ne ta hannun hukumar sufurinta LAMATA da aka kafa a 2002, ba kyautar Abuja ba ce, duk da ɗaya daga cikin layukan jirgin biyu yana bin filin dogon tarayya. A 2022 harajin da Legas ta tara a cikin gida ya kai naira biliyan 651. Kano ba ta kai biliyan 50 ba a shekarar, mu Gombe ba mu kai 20 ba. Mai irin wannan kuɗin shiga shi banki ke yarda ya ba bashi.

Me ya tara mutanen nan haka?

Ruwa ba ya tsami banza. Asalin Legas ɗan tsibiri ne na masunta, Awori wani reshe na Yarbawa su suka fara zama, daga baya ikon masarautar Bini ya shigo, sunan Eko da mu muke cewa Ikko daga wancan zamanin yake. Legas kuwa Turawan Fotugal ne suka raɗa, ma'anarsa tafkuna. A 1851 Ingila ta yi wa garin ruwan wuta daga teku ta kori Oba Kosoko ta ɗora Akitoye, a 1861 ɗansa Dosunmu ya sa hannu garin ya koma hannunsu gaba ɗaya. Shekara 42 ke nan kafin yaƙin Bormi da aka yi a ƙasarmu a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Wato lokacin da Turawa ke shigo mana da bindiga, can sun riga sun daɗe da kafa kotu da makaranta da kantuna.

Sai dogo. Daga Legas aka fara shimfiɗa shi, ya kai Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma ba don fasinja aka yi shi ba, don kaya ne. Buhunan gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano, da auduga da fatu, ƙarshensu bakin ruwan Apapa. Shi ya sa ni in na ji wani ɗan kudu na cewa arewa ba ta da hannu a arzikin Legas sai raina ya ɓaci, gumin manomanmu yana cikin tubalin garin nan. Da aka haɗe kudu da arewa a 1914 Legas ta zama hedikwata, ta riƙe kujerar har 12 ga Disamba 1991 da Babangida ya tare a Abuja, shekara 77 duk ma'aikatar tarayya da ofishin jakadanci da hedikwatar banki da kamfani suna wuri ɗaya. A ƙidayar 1963 cikin garin mutum 665,000 ne. Da kuɗin fetur ya zo a shekarun 1970 sai abin ya ɓalle, a 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da siminti suka yi layi a teku wata da watanni ba wurin sauke kaya, dole aka gina tashar Tin Can a 1977. Cunkoson nan yana cikin dalilan da suka sa Murtala ya yanke hukuncin sauya hedikwata a 1976.

Da yawa sun ɗauka in gwamnati ta tashi garin zai lafa. Bai lafa ba, don gwamnati ta tafi da fayil ɗinta amma ba ta tafi da teku ba. Tashoshin ruwa, masana'antun Ikeja da Apapa, bankuna, kasuwanni duk suna nan, a 2023 ma aka buɗe sabuwar tashar ruwa mai zurfi a Lekki, kusa da ita kuma ga matatar Ɗangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Bakano ne fa, amma da ya tashi zuba dukiya bakin ruwa ya nufa, don ɗanyen mai ta ruwa yake zuwa, tataccen ma ta ruwa zai fi saurin fita.

Talaka ne dai ya fi biyan kuɗin wannan girman. A 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, aka tashi mutane kusan 300,000, yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. A Makoko har yanzu mutane a kan ruwa suke kafa ɗakunan katako, a ɗaya gefen kuma ana cike teku da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Garin waye?

Akwai kuskuren da mu 'yan arewa muke yawan yi, mu ɗauka Legas garin Kiristoci ne zalla. 'Yan asalin tsibirin da yawansu Musulmi ne tun kaka da kakanni, masallacin Shitta-Bey tun 1894 aka buɗe shi kuma yana nan. A ƙarni na 19 'yantattun bayi suka dawo daga Saliyo ana ce musu Saro, wasu daga Barazil ana ce musu Aguda, suka zo da salon gini da girki da sunaye irin nasu. Inyamurai suka riƙe Alaba da Ladipo da babban kaso na kasuwar waya ta Computer Village a Ikeja. Bikin Eyo na masu farin kaya da sanda yana nan na 'yan ƙasa, an yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, harkar fim da waƙa ta kudu a nan ta yi ƙarfi, a titi kuma Yarbanci da buroka ne ke ci.

Mu ma ba baƙin jiya ba ne a can. Rundunar da Glover, wani jami'in mulkin mallaka na Ingila, ya haɗa a Legas a 1863, wadda ake lissafa ta a matsayin tushen sojan Najeriya, da sunan Hausawa aka san ta. Cinikin goro ya zaunar da kakanninmu a Agege har aka yi Zango aka naɗa Sarkin Hausawa, ga Obalende, ga Idi-Araba, ga Alaba Rago, ga mayankar Oko-Oba, ga Mile 12 inda tumatur da tattasai da albasar arewa ke sauka. Akwai Bahaushen da a Agege aka haifi kakansa, Yarbancinsa ya fi Hausarsa, amma a titi har gobe sunansa aboki, kuma ba kullum ake faɗinta da daɗin rai ba.

Muhawarar Legas ta kowa ce ko ta Yarbawa ce ta yi zafi a zaɓen 2023 da Peter Obi ya ɗan haura Tinubu a ƙuri'un jihar. 'Yan ƙasa suna cewa mun karɓi baƙi ba ya nufin ba mu da gida, kuma ina ganin da gaskiyarsu, mu ma ba za mu yarda a ce Gombe ba ta kowa ba ce. Baƙi kuma suna cewa shekara 77 aka yi ana gina garin da kuɗin ƙasa baki ɗaya, muna biyan haraji muna biyan haya, don me za a riƙa yi mana gorin gari duk lokacin zaɓe. An zubar da jini a kan irin wannan, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016. A farkon 2021 kuma da dillalan abinci da shanu na arewa suka tsayar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki bayan rikicin Shasha a Ibadan, tumatur ya yi tsadar da ba a saba gani ba a Legas, amma a nan arewa ma ya yi ta ruɓewa a hannun manoma, kowa ya ji a jikinsa.

Danfo, BRT da jirgin da ya makara shekara 40

Ciwon Legas a zubin ƙasarta yake. Manyan ofisoshi da kasuwanni suna tsibiri, gidajen da talaka zai iya kamawa suna can tudu, gadoji uku ne kuma suka haɗa su, Carter ta 1901, Eko ta 1975, da Third Mainland mai kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990. Da safe kowa ya nufi wuri ɗaya, da yamma kowa ya juyo, shi ya sa ma'aikacin da ke Ikorodu ko Mowe tun kafin kiran assalatu yake barin gida, ya dawo yara sun yi barci. An gwada dabaru, a 1977 har doka aka yi ta lambar mota, yau masu mara gobe masu cika, masu hali suka sayi mota ta biyu aka koma gidan jiya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Lateef Jakande yana gwamnan Legas ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari tun 1983, gwamnatin soja ta Buhari ta soke shi a 1985. Ba a ɗauki fasinja a jirgin cikin garin Legas ba sai 4 ga Satumba 2023, a layin da suka sa wa suna Blue Line, mai amfani da lantarki, wanda kamfanin CCECC na Sin ya gina, daga Marina zuwa Mile 2, tasha biyar, kilomita 13 kacal, bai kai rabin tafiyar Gombe zuwa Kumo ba. Niyyar ita ce ya kai Okokomaiko. Na biyun, Red Line, ya fara aiki a Oktoban 2024, kilomita 27 daga Oyingbo ya bi Yaba, Mushin, Oshodi, Ikeja, Agege har Agbado. Ku lura da Agbado ɗin nan, Ogun ce, wato jirgin da kansa ya nuna garin ya wuce jihar.

A tsakanin shekarun nan 40 danfo ne ya riƙe garin, 'yar bas ɗin nan ruwan ɗorawa mai baƙin layi, da babbar yayarta molue, da 'yan agbero da ke karɓar kuɗi a kowace tasha, kamar 'yan kamashonmu sai dai nasu da ƙarfin tsiya ne. Keken da muke cewa Napep su Marwa suke ce masa, don zamanin Buba Marwa yana gwamnan soja ya shigo. A Maris 2008 Gwamna Fashola ya buɗe BRT daga Mile 12 zuwa CMS da ke tsibiri, dabarar mai sauƙi ce, a ware wa manyan bas layinsu su kaɗai a kan titi yadda ko gosulo ya kama sauran motoci su za su wuce. Daga baya aka kai shi Ikorodu, aka ƙara na Oshodi zuwa Abule Egba, aka kawo katin Cowry da ake biya da shi a bas da jirgi, ga kuma jiragen ruwa na fasinja. Duk da haka mafi yawan 'yan Legas har yau danfo da keke suke shiga, abin da ake nuna mana a bidiyo ɗan yanki ne.

Maganar acaba

Wannan ita ta fi taɓa mu kai tsaye. Tun dokar hanya ta 2012 aka hana acaba bin manyan tituna 475, a Fabrairun 2020 aka ƙara matsawa, sannan daga 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta haramta shi kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island, Lagos Mainland da Apapa, a Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Mashinan da aka kama a bainar jama'a aka riƙa niƙe su. Hujjar gwamnati haɗari da fashi da karya dokar hanya, kuma mu faɗi gaskiya, wasu yaran namu ba lasisi ba hular kwano, ga bin hannun da ba nasu ba. Amma ɗaya gefen shi ne acaba bai zo don kansa ba, gosulo ne ya haife shi, mutum zai biya ninki ya hau mashin don ya isa aiki kan lokaci, in ka cire shi kafin bas da jirgi su wadata to fasinja ka ƙara wa tafiyar ƙafa, mai mashin kuma ka raba shi da abincinsa.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda suka dawo a wancan lokacin. Mashin ɗin ma biya kaɗan-kaɗan ya karɓe shi, da ya ga abin ya yi tsanani ya sayar a wulaƙance ya cike bashin ya hau tirelar shanu da ta juyo ya dawo gida. Na ce masa yaro ba ka nemi wata sana'ar a can ba? Ya ce Kawu ɗakin da muke kwana mu takwas ne a ciki, kuma da kuɗin mashin ake biyan hayarsa, in ba mashin ba ɗaki. Yanzu keke yake ja tsakanin Tumfure da kasuwa. Irinsa suna da yawa daga Gombe da Bauchi da Yobe da Borno, kuɗin da suke turo wa iyaye duk wata ya tsaya, su kuma suka ƙaru a kan titunanmu.

Ba acaba kaɗai ba. Tsakaninmu da Legas ya fi kilomita 1,000, amma duk ranar da tireloli suka maƙale a hanyar Apapa sai ɗan kasuwar Gombe ya ji a kuɗin dakon kwantena, shi kuma ya ɗora a kan atamfa da taya da batirin sola. Shanu da wake da masarar da ke tashi daga Tudun Hatsi da kasuwannin ƙauyukanmu kuwa, farashinsu yana kallon abin da aka saya a can ne.

Mu dawo Tumfure

Gomben da muke ciki ba tsohon gari ba ne. Buba Yero a Gombe Abba ya kafa masarauta, Turawa suka mai da hedikwata Nafada a 1913, sai a 1919 aka dawo Doma, nan inda muke. Auduga ta raya garin, unguwar BCGA ma sunan kamfanin audugar ta ci, dogo ya iso a 1963, Abacha ya ba mu jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, jami'ar jiha ta zo a 2004, rikicin Boko Haram kuma ya turo mana 'yan'uwa daga Borno da Yobe da Adamawa, da yawansu sun sayi fili sun zauna. Muna iyaka da duk sauran jihohi biyar na arewa maso gabas, hanyar Bauchi, ta Yola, ta Biu, ta Potiskum da ta Dukku duk a cikin garin nan suke haɗuwa. Abin da teku ya yi wa Legas shi mahaɗar hanya ke yi mana daidai namu girman, inda su ruwa ya raba su mu kuma kwari ne, zaizayar da ke cin gidaje tana raba unguwa da unguwa ta tilasta kowa bin kwalbati ɗaya.

Ba cewa nake Gombe na buƙatar jirgin lantarki gobe ba, ba mu da cunkoson ba mu da kuɗin. Abin da nake gani shi ne kuskuren da Legas ta yi mai tsada ba rashin jirgi ba ne kawai, barin gini ya riga hanya ne. Ka je sabbin unguwannin bayan gari ka ga yadda mai gona ke kiran dillali a yanka filotai, a bar lungun da keke biyu ba za su gifta juna ba, ba filin makaranta ba na asibiti ba magudanar ruwa, in an zo yin titi bayan shekara goma sai rusau da biyan diyya da kuka. Sannan wa ke da alhakin unguwar da take Gombe a zahiri amma Akko ko Kwami ko Yamaltu Deba a takarda? Ciyaman ɗin da ke Kumo yana da ƙauyukansa da zai duba, na Gombe kuma zai ce ba ƙasarsa ba ce. An kafa hukumar GOGIS don rajistar filaye, abu ne mai kyau, amma rajistar fuloti daban, ware faɗin hanyar da bas za ta bi nan da shekara ashirin daban, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukuma ɗaya ya kamata ta riƙe zirga-zirgar garin gaba ɗaya ba tare da duba iyakar ƙaramar hukuma ba, kamar yadda LAMATA ta kai jirginta har cikin Ogun, kuma a zauna da ƙungiyoyin 'yan keke da 'yan acaba tun yanzu, kada a wayi gari a kore su rana ɗaya kamar yadda aka yi wa su ɗan ƙanwata.

Abu ɗaya da nake so masu iko su duba da kyau, Red Line ya yiwu ne saboda filin tsohon dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Legas zuwa Ibadan yana nan ya ratsa tsakiyar gari, da an cinye shi da gini da ba kuɗin da zai sayo shi. Mu ma muna da namu, layin Fatakwal zuwa Maiduguri da ya ratsa Gombe tun 1963. Jirgi ya daɗe bai bi ba, an ƙaddamar da gyaransa a 2021 amma aikin bai iso mu ba. Filin dai yana nan daga wannan bakin gari zuwa wancan, kuma ina roƙon kada a bari a yanka ko taku ɗaya daga cikinsa a sayar.